Kuɗin Goro da Haƙƙin Mutum Ɗaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar goro ya san yadda ciniki yake tafiya idan kaya ya yi yawa. Mai saye ba ya ɗaukar goro ɗaya bayan ɗaya yana tayawa. Ƙwarya ake ƙirgawa, wato ɗari, a yanke mata kuɗi guda. Manya da ƙanana, lafiyayye da wanda sankara ta fara taɓawa, duk su tafi a farashi ɗaya. Babban goro ya faɗi, ƙarami ya ci riba, amma ciniki ya yi sauri, kuma babu mai kuka, domin goro ba shi da baki. A fahimtata daga nan ne Bahaushe ya samo maganar nan ta "kuɗin goro", wato a haɗa jama'a a yi musu hukunci ɗaya ba tare da an duba wane ne ya yi me ba.

Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: idan wannan dabara ta halatta a kan goro, me ya hana ta a kan mutum? Na san kowa zai yi saurin cewa ai zalunci ne. Amma bakin da ya faɗi haka da safe, shi ne da yamma zai ce mutanen gari kaza ba su da amana, 'yan ƙabila kaza rowa gare su, masu sana'a kaza duk maƙaryata ne. Kuma idan ka matsa wa mai maganar, ba zai rasa hujja ba. Zai ce sau uku ana cutarsa, kuma duk ukun daga wuri ɗaya suka fito. To me za mu ce da shi? Ya rufe ido ya bari a cuce shi karo na huɗu? Wannan ce tambayar mai wuya, kuma ba na son in tsallake ta da wa'azi.

Masana halayyar ɗan Adam sun shafe shekaru kusan ɗari suna bin diddigin wannan ɗabi'a, kuma abin da suka gano yana da amfani ga mai son amsa. A shekarar 1922 wani ɗan jarida na Amurka, Walter Lippmann, ya ari sunan wani kayan aiki na masu ɗab'i ya laƙaba wa wannan hali. Kayan aikin faranti ne na ƙarfe da ake zubawa sau ɗaya, daga nan a yi ta buga shafi iri ɗaya da shi ko sau dubu ne, ba ya canzawa. Ya ce haka muke da hotuna a cikin kawunanmu, mun zuba su tun kafin mu ga mutanen, sai mu riƙa buga su a kan duk wanda ya zo. Bayansa, a 1954, Gordon Allport na jami'ar Harvard ya rubuta babban littafi a kan wariya da ƙyamar juna, ya kuma faɗi abin da mutane da yawa ba su so ji ba: ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta iya tunani sai da rarraba abubuwa gida-gida.

Ina ganin gaskiya ya faɗa. Uwa ba ta ce wa ɗanta ya tsaya ya binciki kowane maciji ko mai dafi ne. Tana ce masa in ka ga maciji ka gudu. Manomi yana duba gajimare ya ce wannan na ruwa ne, bai jira ya ɗiga ba. Da a ce kowane abu sai mun fara saninsa daga tushe, da ba mu kai ga cin abincin rana ba. Saboda haka wanda ya ce shi ba ya rarraba mutane ko kaɗan, ko dai bai san kansa ba, ko yana so a yabe shi. Rarrabawa ba laifi ba ce. Abin da take haifarwa ba tare da mun lura ba, shi ne abin dubawa.

Mutumin da ya fi kowa nuna wannan shi ne Henri Tajfel. Bayahude ne, an haife shi a ƙasar Folan a 1919, yana karatu a Faransa yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Ya shiga sojan Faransa, Jamusawa suka kama shi, ya yi shekaru a tsare. Da yaƙi ya ƙare ya tarar an kashe kusan dukan danginsa, ba don wani abu da suka aikata ba, sai don sunan gidan da aka saka su. Sauran rayuwarsa ya ƙare ta ne yana neman sanin yadda haka ke faruwa.

Gwajinsa na farko da ya shahara, wanda ya yi da abokin aikinsa Wilkes a 1963, bai ma shafi mutane ba. Layuka takwas aka zana, kowane ya ɗan fi na bayansa tsawo, aka ce mutane su ƙiyasta tsawonsu. Wasu an nuna musu layukan haka nan. Wasu kuwa an rubuta harafin A a kan gajerun huɗu, harafin B a kan dogayen huɗu. Waɗanda suka ga haruffan sai suka riƙa ganin tazarar da ke tsakanin gida A da gida B ta fi yadda take a zahiri. Layi ne fa, ba shi da yare, ba shi da addini, bai taɓa cin bashin kowa ba. Laƙabi kawai aka manna masa, ido ya fara ƙara gishiri.

Daga baya, a birnin Biristol na Ingila, ya tara yara maza 'yan makaranta masu shekara 14 zuwa 15. Aka nuna musu zane-zanen wasu masu zane biyu, Klee da Kandinsky, aka ce kowa ya zaɓi wanda ya fi burge shi. Sai aka gaya wa kowane yaro a asirce cewa shi ɗan rukunin wane ne. Alhali rabon ba bisa zaɓinsu aka yi shi ba, kara-zube ne. Yaron bai san su wane ne 'yan rukuninsa ba, lambobi kawai yake gani. Aka ba shi takarda ya raba maki, wanda za a mayar kuɗi, tsakanin wani ɗan rukuninsa da wani na ɗaya rukunin. Shi kansa ba ya samun ko anini daga rabon da ya yi. A ɗaya daga cikin jadawalin, yana iya ba wa nasa 19 ya ba wa na can 25, ko ya ba su 13 da 13, ko ya ba wa nasa 7 ya ba wa na can 1. Yaran suka riƙa karkata zuwa ɓangaren da nasu zai fi na can, ko da abin da nasun zai samu ya ragu. An wallafa wannan sakamako a 1971.

A tsaya a yi tunani a kan wannan. Babu gaba ta kaka da kakanni, babu rikicin gona, babu wanda ya zagi uban wani. An dai ce "ku" da "su", shi ke nan son kai ya tsiro. Mu kan ɗauka cewa ƙiyayya ce take raba mutane gida biyu. Tajfel ya nuna cewa sau da yawa rabawar ce take zuwa da fari, dalilan ƙiyayya a nemo su daga baya.

Akwai wani abu kuma da binciken ya tabbatar, wanda mu Hausawan da ke warwatse a ƙasashe muka sani a jikinmu. Mutum yana ganin 'yan gidansu iri-iri ne, amma na waje duk ɗaya ne a idonsa. Mu a nan mun san Bagobiri daban, Ba'adare daban, Bakatsine daban, mutumin Damagaram daban. Da jin "ina kwana" ɗinsa mun san inda ya fito. Amma ka je Sudan, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare duk sunansu Fallata. Ka je kudancin Gana, duk wanda ya fito daga zango ya sa doguwar riga, wasu Hausa za su kira shi, ko da Bazabarme ne ko Bamoshe ko Badagombe. A Legas kuwa kowa "aboki" ne, daga mai gadi har mai canjin kuɗi, ɗan Nijar da ɗan Cadi da ɗan Kano. Abin yana yi mana ciwo, kuma ya kamata ya yi. Sai dai idan muka juyo, mu ma haka muke yi: "'yan kudu", "mutanen gabas", "Turawa", kamar dai uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya. Wanda ya san zafin a kira shi da sunan da ba nasa ba, shi ya fi cancanta ya yi hattara da bakinsa.

Yanzu mu koma ga mutumin nan da aka cuta sau uku. Kafin mu karɓi lissafinsa, ya kamata mu san yadda ƙwaƙwalwa take ajiye lissafi. A 1976 wasu masana biyu, David Hamilton da Robert Gifford, suka nuna wa mutane jimloli 39, kowace tana ba da labarin abin da wani ya aikata. Mutum 26 'yan rukunin A ne, 13 'yan rukunin B. A cikin A, 18 sun yi abin kirki, 8 sun yi abin assha. A cikin B, 9 sun yi abin kirki, 4 sun yi abin assha. Duk mai lissafi zai ga awo ɗaya ne, B rabin A ne ta kowane gefe. Amma da aka tambayi mutanen, sai suka ɗora wa B laifin da ya fi wanda suka gani, suka kuma ce 'yan A sun fi halin kirki. Dalilin da masanan suka bayar shi ne, 'yan tsiraru abin lura ne, mugun aiki ma abin lura ne, idan biyun suka haɗu sai su manne a zuciya fiye da komai.

Wannan shi ne abin da ke faruwa a ƙauyukanmu kowace kaka. Garke ɗari zai bi burtali ya wuce, bai taɓa zangarniya ɗaya ba. Babu wanda zai je dandali ya ce yau makiyayi ya wuce lafiya. Ranar da garke ɗaya ya faɗa gona, kafin magariba labari ya kai ƙauye bakwai, kuma ba za a ce Wane ɗan Wane ya yi ɓarna ba, sunan ƙabila za a kira. Idan ɗan gari ya yi sata, sai a ce ɗan gidan Wane ya lalace. Idan baƙo ya yi, sai a ce halinsu ne. Laifin namu na mutum ɗaya ne, laifin nasu na jini ne. Da irin wannan ma'auni, ko shekara ɗari aka yi ana awo, amsa ɗaya za a riƙa samu.

To amma kada in yi wa mai hujja rashin adalci. A ce lissafinsa daidai ne. A ce da gaske mafi yawan waɗanda aka kama da wani laifi a yankinsu daga jama'a ɗaya suka fito. Irin wannan yana faruwa, kuma musun abin da ido ya gani ba ya kawo zaman lafiya. Mutanen da ke kan iyakar Maraɗi da Katsina da Zamfara, waɗanda aka kore wa shanu aka sace wa 'ya'ya, ba za ka je ka ce musu tsoronsu mafarki ba ne. Duk da haka ina da amsa huɗu gare shi.

Ta farko ta lissafi ce. "Yawancin ɓarayin daga cikinsu suke" magana ɗaya ce, "yawancinsu ɓarayi ne" wata magana ce daban, amma harshe yana zamewa daga ta farko zuwa ta biyu ba tare da an ji ba. Mu ɗauki misali. A ce wata jama'a mutum dubu goma ce, aka sami 'yan fashi hamsin a yankin, arba'in daga cikinta. Gaskiya ne kashi tamanin cikin ɗari na 'yan fashin nata ne. Amma mutum dubu tara da ɗari tara da sittin na wannan jama'a ba su taɓa tare hanya ba. Idan ka haɗu da ɗayansu a kasuwa ka ɗauke shi ɗan fashi, sau ɗaya za ka dace a cikin ɗari biyu da hamsin. Wane ɗan kasuwa ne zai zuba jarinsa a cinikin da faɗuwarsa ta kai haka? Kuma kada a manta, a rikicin da na ambata, makiyaya suna cikin waɗanda aka fara kore wa dabbobi. Wanda aka raba da garkensa da dare, da safe kuma a nuna shi da yatsa a kasuwa, an cuce shi sau biyu.

Ta biyu ita ce bambanci tsakanin taka-tsantsan da hukunci. Ba na ce wa kowa ya ba da bashi ga wanda bai sani ba. Ka nemi shaida, ka nemi mai tsaya masa, ka rubuta, ka karɓi jingina. Wannan hankali ne, kuma addini ma ya koyar da rubuta bashi da kafa shaidu. Amma ka lura, waɗannan sharuɗɗa a kan ciniki suke, suna hawa kan kowa, har ɗan ƙanen babanka. Idan ka nemi shaida daga baƙo ka kuma neme ta daga ɗan gari, ka yi taka-tsantsan. Idan ka ce wa baƙo ko ya kawo shaidu goma ba za ka ba shi ba saboda inda ya fito, ka yanke hukunci, kuma ka yanke shi kafin a karanta ƙara. Taka-tsantsan yana bar wa mutum ƙofar da zai shigo ya nuna kansa. Kuɗin goro yana toshe ƙofar da laka. Har ma ta fuskar riba, sharaɗin da ya hau kan kowa ya fi tsare dukiya, domin mai cutarka na gaba wataƙila da yarenku zai yi maka sallama.

Ta uku ita ce tambayar wane ne yake biya. Wanda ya yi kuɗin goro ya sami sauƙi, bai ɓata lokacin bincike ba. Amma sauƙin nan ba kyauta ba ne, wani ne ya biya shi: ɗalibin da aka hana hayar ɗaki, matar da aka hana wa ɗanta aure, direban da aka sauke wa kaya a shinge aka bar na gabansa ya wuce. Ba su ci ba, ba su sha ba, an ba su kwanon wankewa. Babu wanda aka yi shawara da shi kafin a haife shi a gidan da aka haife shi. Kuma ƙa'ida ce da shari'ar Musulunci da dokar zamani suka haɗu a kanta, cewa ba a kama wani da laifin wani. Muna cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma gaskiya ne a kan gari, domin an riga an niƙe shi, ba a iya tsince ɓataccen. Mutane kuwa ba a niƙe suke ba. Kowa yana nan da sunansa da fuskarsa da aikinsa, ana iya tsincewa. Ƙyuya ce take sa mu ce an niƙe.

Abin da ya fi muni shi ne, wanda aka yi wa wannan hukunci ba shi da hanyar wanke kansa. Allport ya lura da wata dabara da zuciya take yi: idan ta haɗu da wanda ya saɓa wa hoton da ta ajiye, ba ta gyara hoton, sai ta buɗe shinge ta fitar da mutumin ta sake rufewa. Mu ma muna da ita a bakinmu. "Ai kai ka fita daban." "Wallahi kamar ba ɗan can ba." Mai faɗa yana ganin yabo ya yi. Amma ma'anarta ita ce, amanarka ta shekara ashirin ba ta rage wa danginka komai daga zargi ba, an dai ba ka takardar fita kai kaɗai. Idan na banza ya tabbatar da zargi, na kirki kuma bai rushe shi ba, to wannan ba ilimi ba ne da aka samo daga gogayya. Imani ne da babu abin da zai taɓa shi.

Ta huɗu, kuɗin goro yana ƙera hujjarsa da hannunsa. A hana mutane haya a cikin gari, su koma gefe su yi unguwarsu, sai a ce ba sa son shiga jama'a. A ƙi ɗaukar 'ya'yansu aiki, su yi ta zaman kashe wando, sai a ce ga shi nan ba su da zuciyar nema. A riƙa kama su a kan laifin da ba nasu ba har su daina kai ƙara wurin hukuma, sai a ce ba sa bin doka. Shekara ashirin bayan haka wani zai zo ya ƙirga ya ce ai alƙaluma sun nuna. Alƙaluman sun nuna, amma wa ya shuka abin da aka girbe?

Idan wannan hali ya tashi daga rumfar kasuwa ya hau kujerar mulki, ɓarnarsa ba ta da iyaka, kuma yankinmu ya gani. A ƙarshen 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban ɗaruruwa suka fita, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan wasu ƙasashe, cikinsu har da waɗanda a zango aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. A farkon 1983 gwamnatin Shehu Shagari a Najeriya ta yi irin wannan kora, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka kama hanya, har jakar da suka zuba kaya ta sami sunan da ake kiranta da shi yau, Gana-mas-go. A duka biyun tattalin arziki ne ya tsuke, aka nemi wanda za a ɗora wa, aka ce baƙi ne suka cinye ayyuka suka kawo laifuffuka. Wanda aka yi wa jiya shi ya yi wa wani yau. Ƙwaryar da ka auna wani da ita tana nan a rataye, ranarka take jira.

To mene ne magani? Allport ya ce cuɗanya, amma ya sa mata sharuɗɗa: a haɗu a matsayi ɗaya, ba ubangida da bara ba, a kan aikin da kowa yake buƙatar ɗan'uwansa, kuma shugabanni su goyi bayan haɗuwar. An gwada wannan a kusa da mu. Wasu masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun yi aiki da samari 849 a Kaduna, Musulmi da Kirista. Aka ba wasunsu horon kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya, kuma ƙuri'a ce ta raba su. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya ba ni abin tunani ƙwarai. Ra'ayin samarin a kan ɗaya ɓangaren bai canza ba, abin da suke faɗa da shi suke faɗa. Amma da aka ba su kuɗi su raba, waɗanda suka zauna a gauraye ba su nuna bambanci kamar na ajin 'yan addini ɗaya ba. Da aka bi sawu kuma, sai aka ga ajin 'yan gida ɗaya ne ya ƙara wa nasa son kai, fiye da samarin da ba su shiga horon ba sam.

Darasi biyu na ɗauka daga nan. Na farko, zama da naka kaɗai ba tsaka-tsaki ba ne, yana ciyar da wariya ko ba a zagi kowa ba. Wannan abin tsoro ne a zamanin da kowa yake da zaurensa na WhatsApp wanda ba a jin muryar kowa sai ta 'yan gida. Na biyu, hannu yana iya gyaruwa kafin zuciya. Wannan kuwa albishir ne. Da a ce sai mun kankare duk hotunan da aka zuba mana tun muna goye kafin mu yi adalci, da an daɗe ba a yi ba. Zato yana faɗowa zuciya ba da sallama ba, kuma ba na jin za a kama mutum a kan abin da ya faɗo masa. Abin da za a tambaye shi shi ne me ya yi da shi: ya ba da hayar ko ya hana, ya tura saƙon nan gaba ko ya goge, ya koya wa ɗansa ko ya bar shi ya mutu a bakinsa.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a buɗe jami'a. Wasan barkwanci da ke tsakanin Fulani da Barebari, da Zabarmawa da Buzaye, da Gobirawa da Yarabawa, da Kanawa da Zazzagawa, wanda hukumar UNESCO ta sa na Nijar a jerin al'adun duniya a 2014, cike yake da kuɗin goro. Wannan ya ce ku bayinmu ne, wancan ya ce ku ba ku iya komai ba sai ci. Ba su yi ƙoƙarin hana mutane ganin ƙabila ba, sun san ba za a iya ba. Sai suka sa wa abin linzami. Ana yin sa ido da ido, kowa yana da damar ramawa, ba a fushi, kuma wanda ka tsokana yana da haƙƙi a kanka: ba ka cutar da shi, idan ya sauka gidanka ka ba shi masauki, idan rigima ta taso abokin wasa yana iya shiga tsakani a ji maganarsa. Baki ya yi wasa da laƙabi, hannu kuma ya riƙe amana. Abin da muke gani yau a Facebook ya ɗauki tsokanar ya yar da amanar. Ana faɗa wa wanda ba a gani, a gaban dubban da ba su san wasan ba, kuma babu tabarmar da za a shimfiɗa masa bayan an gama.

Ga inda na tsaya. Ba zan ce wa mutumin da aka cuta sau uku ya manta ba, kuma ba zan ce masa ya daina hattara ba. Zan ce masa mutum uku ne suka cuce shi, suna da sunaye, ya riƙe sunayen. Na huɗun da zai yi masa sallama gobe bai ci masa komai ba tukuna. Ya sa masa sharaɗin da zai sa wa kowa, ya bar shi ya nuna halinsa. Idan ya ci amana, laifinsa ne shi kaɗai. Idan ya cika, a rubuta masa, kuma a rage wani abu daga zargin da ake yi wa mutanensa, kada a ce ya fita daban.

Mai goro da kansa, idan ciniki na girma ne, kamar goron ɗaurin aure, ba ya yarda da ƙwarya a rufe. Yana zama ya buɗe huhu, ya juya kowane ɗaya a hannunsa, ya ware. Yana yin haka ne domin abin yana da daraja a wurinsa. Ɗan Adam bai gaza goron biki daraja ba.

Allah ya ba mu ikon yi wa kowa adalci, ya kare mu daga ɗaukar alhakin wanda bai ci mana komai ba.